Ƙudan mangwaro da darɓa a cikin sanyi

Idan hunturu ya sauka a Minna, masu lambu a bakin kogin Chanchaga kan sa ran sanyi zai rage musu ƙwari. Yakan rage wasu. Amma ƙwaro ba shi kaɗai yake tarar sanyi ba, akwai bakteriyar da ke zaune a cikinsa, kuma sau da yawa ita ce ke yanke hukuncin ko zai kai bazara.

Ƙudan mangwaro, wanda tsutsarsa ke ruɓar da 'ya'yan daga ciki, baƙo ne daga Asiya; a Kenya aka fara ganinsa a Afirka, a 2003. A 2020 masu bincike a birnin Wuhan na Sin suka kashe bakteriyar hanjinsa da magani, suka ajiye shi a sanyin digiri 10, sai ya mutu da wuri. Da suka mayar masa da irin bakteriyar Klebsiella guda ɗaya, juriyarsa ta dawo, domin tana ƙara masa sinadaran da ke kare ƙwayoyin jikinsa.

Darɓa, wadda ke danƙare wa wake tana tsotse ruwansa, tata abokiyar 'yar gida ce, ba 'yar haya ba. Bakteriyar Buchnera a cikin ƙwayoyin jikinta take, uwa ke gadar wa 'ya tun fiye da shekara miliyan 100, kuma ita ke samar mata da abincin da ruwan ganye ba shi da shi. Sai dai Buchnera ba ta jure zafi. Binciken da aka yi a Arizona ta Amurka a 2007, kan wata 'yar'uwar darɓarmu, ya nuna canji ɗaya tak a gadon bakteriyar ya sa darɓar ta fi hayayyafa cikin sanyi, amma zafi na ɗan lokaci ya kusa hana ta haihuwa.

A ganina ƙudan ya fi abin tsoro, don bakteriyar hanji tana iya sauyawa da abinci da wuri, darɓa kuwa tana ɗaure da guda ɗaya. Kuma sanyin Minna da wuya ya kai digiri 10. Zafin Maris, lokacin da mangwaro ke shirin nuna, shi ne babbar jarrabawa a nan. Ina fatan masana ƙwari na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Gidan Kwano su gwada ƙudan lambunanmu a wannan zafin.