Ko Kun Sani?

Sabar guda kan ɗauki kwamfutocin manhaja da yawa a cikinta, sau da yawa duk ta katin sadarwa ɗaya suke fita. Ɗaya ta fara jidar bayanai, sauran sai jira, kamar layin famfo.

Shi ya sa kamfanin VMware ya ƙara tsarin Network I/O Control a mararrabar manhajarsa cikin vSphere 4.1 a 2010. A tsarin, kowane irin bayani da kasonsa na hanya: babba 100, matsakaici 50, ƙarami 25. Abin sha'awa, kason ba ya aiki sai hanya ta cunkushe. In mai 100 da mai 50 kaɗai ke rububi, na farko zai kwashi kashi biyu cikin uku. In hanya fayau take, kowa ya ɗiba son ransa.