Giya da Hanta: Yadda Jiki Ke Share Kansa

A watan Fabrairu na 1963 wasu masana suka yi taro a birnin London a ƙarƙashin Gidauniyar Ciba. A wurin ne Farfesa Christian de Duve na ƙasar Beljiyam ya raɗa wa wani aiki na ƙwayoyin halittar jiki suna otofaji, kalmar Girkanci mai ma'anar cin kai. Shi ne kuma tun a 1955 ya gano wasu 'yan jakunkuna cikin hantar ɓera, waɗanda ake kira laisosom, masu ɗauke da ruwan da ke narkar da abubuwa.

Ga yadda aikin yake. Idan wani sashe na ƙwayar halitta ya tsufa ko ya lalace, sai ƙwayar ta naɗe shi da wata 'yar tantani, ta kai shi ga laisosom. A can za a narkar da shi, a sake gina sabon abu da shi, kamar yadda maƙeri kan sa tsohuwar fartanya a wuta ya ƙero lauje. Yoshinori Ohsumi na Japan ne ya gano ƙwayoyin gadon da ke tafiyar da wannan aiki, abin da ya sa aka ba shi lambar Nobel a 2016.

To, ina giya ta shigo? Hanta ce ke sarrafa mafi yawan barasar da aka sha. Da farko takan mai da ita wani sinadari mai dafi, asitaldehaid, kafin ta kashe dafin nasa. Cikin wannan fama akan ji wa maitokondiriya rauni, watau 'yan murhunan da ke ba ƙwaya ƙarfi, kitse kuma ya fara taruwa. Nan take sai cin kai ya ƙaru, ƙwayar ta kwashe murhunan da suka lalace, ta narkar da kitsen. A 2010 masu bincike a Amurka suka nuna haka a jikin ɓeraye: da aka toshe aikin sai hanta ta ƙara lalacewa, da aka zuga shi da maganin rafamaisin sai ɓarnar ta ragu.

Amma fa yau da gobe sai Allah. Idan shan giya ya zama na kullum, jakunkunan laisosom sukan ragu, ruwansu ya yi rauni, shara ta fi ƙarfin mai shara. Furotin da ya lalace yakan dunƙule cikin ƙwaya, irin dunƙulen da likita Frank Mallory ya bayyana tun 1911. Daga kitse sai kumburi, daga kumburi sai tabo, har hanta ta ƙandare ta kasa aiki. Wannan shi ne sirosis.

Masu irin wannan ciwo na cikin waɗanda ake kwantarwa a sashen hanta na Asibitin King's College da ke kudancin London, wanda Roger Williams ya kafa a 1966. Idan ciwon ya yi nisa, wani lokaci sai dashen sabuwar hanta kawai ke ceton rai. Har yanzu ba a amince da wani magani na zuga cin kai ga mutanen da giya ta ɓata wa hanta ba, gama abin da ya yi wa ɓera amfani sai an gwada shi sosai a jikin ɗan Adam.

Abin da likitoci suka tabbatar shi ne, muddin ciwon bai wuce matakin kitse ba, hanta kan farfaɗo bayan an daina sha, sau da yawa cikin 'yan makonni. Idan kuwa ta riga ta ƙandare, tabon ba ya ɓacewa duka, amma barin giya yakan hana shi ƙaruwa, ya kuma ƙara wa majiyyaci tsawon kwana.