Robar Madokin Ƙwallon Tebur

A shekarar 1952 aka yi gasar ƙwallon tebur ta duniya a birnin Bombay na ƙasar Indiya, wanda yanzu a ke kira Mumbai. Wani mutumin Japan, Hiroji Satoh, ya zo da wani irin madoki wanda yawancin 'yan wasa ba su saba gani ba. Madoki dai shi ne ɗan katakon nan mai mariƙi wanda a ke bugun ƙwallo da shi. A zamanin nan abin da aka sani shi ne a manna wa katakon wata siririyar roba mai ƙuraje, shi ke nan. Shi kuwa Satoh soso mai kauri ya manna wa nasa. In ya bugi ƙwallo ba a jin ƙara, ga shi kuwa ƙwallon yana zuwa da gudu. Abokan karawarsa, waɗanda suka saba auna ƙarfin bugu da kunne, duk suka rikice. Ba a sa shi cikin waɗanda a ke tsammanin za su ci ba, amma shi ya ci gasar.

Aka yi shekaru ana gardama a kan soson nan. Sai a 1959 hukumar wasan ta duniya, watau ITTF, ta yanke magana. Ta ce an yarda da soso, amma sai an rufe shi da roba, kuma kaurin su biyu a haɗe kada ya wuce milimita 4. Har yanzu dokar nan tana aiki. Saboda haka abin da 'yan wasa ke kira roba hawa biyu ne: soso a ƙasa, manne da katako, sa'an nan fatar roba a bisa, ita ce ke taɓa ƙwallo. A yawancin madokai ana juya fatar ne, ƙurajen su dubi soso, fuska mai sumul ta dubi waje.

Fuskar nan mai sumul tana da kamu. In aka bugi ƙwallo kai tsaye, tafiya kawai zai yi. Amma in aka goge shi, watau aka shafi gefensa da sauri, robar ta kan kama shi ta sa shi juyi kamar katantanwa. In daga ƙasa zuwa bisa aka goge shi, ya kan juya gaba, ya haye raga, ya faɗo tebur da wuri, sa'an nan ya zabura. In kuwa sare shi aka yi daga bisa zuwa ƙasa, ya kan juya baya, wanda ya tare shi a sake sai ya ga ƙwallon ya nufi cikin raga.

To, ga inda mai sayen roba ya kan ruɗe. Ya kan ji an ce roba kaza ta fi kowace sa ƙwallo juyi, sai ya ce ita ya ke so. Abin da ba a faɗa masa ba shi ne, kamun da ke sa roba ta ba ƙwallo juyi, shi ne kuma ke sa ta ji juyin da abokin wasa ya aiko. Robar ba ta san mai ita ba. In ƙwallo ya zo yana juyi zuwa gefe, ta kan kama shi ta jefa shi gefe, sai fa in mai riƙe da madokin ya gane juyin tun daga hannun wancan, ya karkata madokinsa daidai. Gwani ya iya wannan. Ɗan koyo kuwa sai ya yi ta zubar da ƙwallo a waje tun daga bugun farko, bai san dalili ba.

Haka kuma sha'anin gudu. Soso mai kauri, kamar milimita 2 ko fiye, ya kan harba ƙwallo da ƙarfi ko da an ɗan taɓa shi kaɗan. Wanda bai ƙware ba, in ya ga ƙwallo yana wuce tebur, sai ya fara jin tsoro, ya riƙa taƙaita hannunsa, yana tsayawa a tsakiyar bugu. Wannan ita ce babbar hasara, ta fi ta kuɗin da ya kashe, don hannu in ya saba da rabin bugu, gyaransa sai an sha wuya. Ba a ba wanda ya fara koyon hawa ingarma. Shi ya sa masu koyarwa su kan fara ɗora yaro a kan soso na milimita 1.5 zuwa 1.8, wanda zai bar shi ya saki hannu duka, ƙwallon kuwa ya sauka a tebur. Abin da a ke nufi da sarrafa ƙwallo ke nan: mutum ya sa shi inda ya nufa, sau goma a jere, ba sau ɗaya bisa sa'a ba.

Bayan kauri sai tauri. Soso mai laushi ya kan bar ƙwallo ya nutse cikinsa ko da bugun ba shi da ƙarfi, ya riƙe shi na ɗan lokaci kafin ya sake shi. Mai tauri kuwa ba ya buɗewa sai an doke shi da gaske. Masu yin roba su kan rubuta lambar tauri a jikin kwali, amma a lura, ma'aunin ba ɗaya ba ne. Lamba 40 a robar da aka yi a Jamus laushi ke nan, amma lamba 40 a robar DHS ta ƙasar Sin tauri ne ƙwarai.

Nan ne maganar bugun bayan hannu ta shigo. Madoki fuska biyu gare shi, bugu kuma iri biyu ne. In tafin hannu ya dubi abokin wasa, bugun cikin hannu ke nan. A nan mutum yana da fili: ya kan ja hannu baya, ya murɗa ƙugu, ya ɗora nauyinsa daga wannan ƙafa zuwa waccan. In kuwa bayan hannu ne ya dubi abokin wasa, jiki ya tare hanya. Ana bugun ƙwallon ne a gaban ciki, da damtse da wuyan hannu, tazarar kuwa gajera ce. Ƙarfin da zai buɗe soso mai tauri da wuya ya samu, sai ga wanda ya daɗe yana wasa. Ban da haka, da bayan hannu a kan yi yawancin aikin tsaro, kamar tare ƙwallo mai gudu da mayar da shi gajere kusa da raga. Don haka al'ada ita ce a sa wa wannan gefe roba mai ɗan laushi, marar nauyi, wadda ba ta cika jin juyi ba. Manyan 'yan wasan Sin, irin su Ma Long, sun shahara da Hurricane 3 a cikin hannu, roba mai tauri da danƙo, wadda sabuwarta har ta kan ɗauki ƙwallo daga tebur in an danna ta a kansa. Ɗan koyon da ya manna irinta a bayan hannu don ya ga gwani da ita, sai ya ji kamar da katako tsura ya ke bugu.

Akwai kuma waɗanda su kan bi wata hanya dabam, su bar ƙurajen a waje. Gajerun ƙuraje ba su cika jin juyi ba, ƙwallo ya kan fita daga gare su a miƙe. Dogayen ƙuraje kuwa su kan lanƙwashe in ƙwallo ya same su, su bar shi ya koma da juyin da ya zo da shi, watau wanda ya aiko juyin gaba sai ya karɓi juyin baya. Deng Yaping ta Sin, wadda ta ci zinariya a wasannin Olamfik na 1992 da 1996, dogayen ƙuraje ta sa a bayan hannu. Haka Joo Sae-hyuk na Koriya ta Kudu, wanda ya kai wasan ƙarshe na gasar duniya a Faris a 2003. Amma fa duka biyu gwanaye ne. Ɗan koyo in ya ɓoye raunin bayan hannunsa a bayan ƙuraje, zai ci 'yan unguwarsu na ɗan lokaci, bugun kuwa ba zai taɓa koyonsa ba.

Da can wasu su kan sa roba iri biyu masu launi ɗaya, su riƙa juya madoki a ɓoye don ruɗa abokin wasa. Aka hana wannan. Daga 1986 doka ta ce gefe ɗaya ja, ɗaya baƙi. A 2021 aka ƙara waɗansu launuka, kamar shuɗi da kore, amma dole gefe ɗaya ya zama baƙi.

Kayan wasan sun sake sau da yawa. A 2000 aka ƙara girman ƙwallo daga milimita 38 zuwa 40, juyinsa ya ragu. A 2008 aka hana wani irin gam da a ke shafa wa soso don ya kumbura ya ƙara gudu, masu yin roba suka shiga yin soso mai harbi da kansa, irin Tenergy na kamfanin Butterfly. Duk da haka tsofaffin robobi biyu na Japan ba su ɓace ba, Sriver ta 1967 da Mark V ta 1969. Da Mark V Stellan Bengtsson na Suwidin ya ci gasar duniya a 1971. Yau gwanaye sun bar su saboda rashin gudu, rashin gudun nan kuwa shi ya sa a ke ba masu koyo.

Roba kuma tana tsufa. Ƙura da rana da maiƙon hannu su kan kashe kamunta. Mai lura ya kan goge ta da ɗan ruwa bayan wasa, ya rufe ta da leda, ya sa madokin a jaka. In yana so ya san ko ta mutu, sai ya ɗauki ƙwallo ya goga a tsakiyarta, sa'an nan ya goga a kusa da mariƙi, inda ba a bugu. In tsakiyar tana santsi, gefen kuwa yana kamawa, to sai a ɓamɓare ta a manna sabuwa, katakon yana nan.