Grace Oyelude: 'Yar Sabon Garin Kano da ta ajiye kambun kyau ta rungumi aikin jinya

Lokacin da Shatu Garko ta lashe gasar sarauniyar kyau ta Miss Nigeria a watan Disamban 2021, sanye da hijabinta, ce-ce-ku-ce ya ɓarke a Kano, har Hukumar Hisbah ta ce za ta gayyaci iyayenta. Abin da mutane ƙalilan suka tuna a wancan lokaci shi ne, wadda ta fara ɗaukar wannan kambu ita ma daga Kano ta fito.

An haifi Grace Atinuke Oyelude a Sabon Garin Kano a 1931, asalin iyayenta kuma daga yankin da yanzu yake Jihar Kogi. Tana aiki a kamfanin UAC ne jaridar Daily Times ta shirya gasar farko a 1957. Ɗan'uwanta ne ya tura hotonta, aka gayyace ta Legas ta wakilci Arewa, ta kuwa yi nasara. Cikin kyautar da ta samu har da fam 200.

Sarautar ta shekara ɗaya ce. Ba ta tsaya cin moriyar suna ba, sai ta tafi Ingila karatun jinya a garin Ashford, ta kammala a 1961, sannan ta ƙara da karatun ungozoma.

Da takardun da ke hannunta, za ta iya zamanta a can, kamar yadda ma'aikatan jinya da dama ke yi a yau. Amma ta dawo Arewa, a lokacin da ƙwararrun mata a asibitoci ba su da yawa. Ta yi aiki a Babban Asibitin Kaduna, sannan a asibitin da yanzu ake kira Barau Dikko. Da yaƙin basasa ya ɓarke a 1967, aka tura ta Makurdi, kusa da fagen daga, inda ake kawo waɗanda suka jikkata.

A 1970 ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello, ta kai matsayin daraktar sashen jinya na asibitin koyarwar jami'ar, inda marasa lafiya daga sassan Arewa ke zuwa neman magani. A wannan kujera ta yi ritaya a 1985, shekara 28 bayan daren da aka ɗora mata kambu a Legas.