Ruwan Ubangi da Kifin Kaka: Abin da Masu Zancen Tafkin Chadi Suke Tsallakewa

Maganar janyo ruwan kogin Ubangi a zuba a Tafkin Chadi ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Tun bayan taron Abuja na Fabrairun 2018, inda aka rungumi shirin Transaqua mai magudanar ruwa ta kilomita 2,400, duk sanda aka taɓo batun tafkin a rediyo lissafi ɗaya ake maimaitawa: a 1963 faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 25,000, zuwa shekarun 1980 ko kashi ɗaya cikin goma bai rage ba. Daga nan sai a yanke hukunci cewa in an cika shi kifi zai dawo, Baga ta farfaɗo. Duk wanda ya taɓa zama da masunta ya san ba haka abin yake ba.

Kifi ambaliya yake bi. In damina ta yi nisa ruwa ya hau fadama, tarwaɗa da karfasa da kawara sukan kutsa cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yan su yi ƙiba a ruwa marar zurfi. Da kaka ta shigo, iska ta juya, ruwa ya soma janyewa, sai su biyo mashigai su gangaro, giwan ruwa da tsage suna dakonsu a bakin gurbi. A nan masunci ke jera gura, ya shimfiɗa kalli, ya ja mamari. Abincin shekararsa a 'yan watannin nan yake samunsa. An ga abin da tare ambaliya ke jawowa: madatsar Maga da Kamaru ta gina a 1979 ta busar da fadamar Logone, su ya durƙushe, sai da aka fara sake buɗe wa ruwa hanya a 1994 kafin kifi ya dawo. Mutanen Haɗeja da Nguru ma sun ɗanɗani irin wannan bayan madatsar Tiga ta 1974.

To, wa ya tambayi Bangui, babban birnin Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da ke bakin Ubangi? A kasuwar Kilomita Biyar, unguwar da Hausawa da Barebari da Fulani suka yi kaka-gida tun zamanin Turawan Faransa, za ka iske mata sun kasa banda baƙi ƙirin a kan tebur, an naɗe tarwaɗa kai da wutsiya an soke da tsinke, mai saye yana ɗagawa yana shinshinawa kafin ya taya. A bakin kogi kuma ana dafa giwan ruwa a ƙunshe cikin ganye, abin da suke kira maboke. Kifin nan na Yakoma ne da Banziri da Sango, mutanen da suka gaji kwalekwale kaka da kakanni, waɗanda harshen cinikinsu na kogi ya zama harshen ƙasar baki ɗaya. Hawa da saukar Ubangi shi ne gonarsu. Yakan cika maƙil a Oktoba da Nuwamba, kamar yadda ya tsallake gaɓa ya raba dubban mutane da gidajensu a 2019, sannan ya rame zuwa Maris da Afrilu har yashi ya fito tsakanin Bangui da Zongo da ke tsallaken kogin. Tun shekarun 1970 ƙarfinsa ya ragu, jiragen da ke hauro da man fetur da kaya daga Brazzaville sukan yi watanni a daure da rani. Daga wannan kogin ne ake son ɗiba, har an taɓa zana madatsa a Palambo, sama da birnin.

Ga kuma abin da ba a cika faɗa ba, yana kuwa ci mini rai. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da ke shiga Tafkin Chadi ta Shari da Logone yake zuwa, Shari kuwa a arewacin Afirka ta Tsakiya yake tasowa, daga Bamingui da Gribingui da Ouham. Wato bandar da ake lodawa daga Doron Baga zuwa kasuwannin kudancin Najeriya, ruwan saman Afirka ta Tsakiya ne ya raine ta tun asali. Ƙasar tana cikin Hukumar Tafkin Chadi da aka kafa a 1964, amma da wuya ka ji an yi zancen kare dazuzzukan da ke mafarin waɗannan koguna, inda saran itace da haƙar ma'adinai ke cin gaɓa.

Mu Hausawa muna bakin ruwan nan ta kowane ɓangare, a Baga da Kilomita Biyar, don haka shirunmu ba shi da hujja. Wakilanmu a Hukumar da ke N'Djamena su daina jiran biliyoyin dala. Su sa a riƙa sakin ruwan madatsun Tiga da Challawa da Maga a lokacin da kifi ke haihuwa, su ba sarakunan ruwa ikon hana su da gidan sauro, wanda ke kwashe 'ya'yan kifi tun ba su kai tsawon yatsa ba. In kuma za a sake zama kan Palambo, a fara kiran masuntan Kouango da Mobaye da ke bakin Ubangi.