Fijo Ba Ta Mutuwa Sai Ruwanta Ya Ƙone

Daga Wakilinmu, Kafanchan

Jama'ar Arewa mazauna Ikko, Badun, Anacha da Fatakwal da ke shirin zuwa gida da tsohuwar Fijo, a leƙa lagireto tun kafin a ɗaura kaya. Hanyar Lafiya zuwa Akwanga, Gwantu da Gidan Waya har Kafanchan ba ta ragar wa motar da ruwanta ba ya zagayawa, balle mai niyyar wucewa Jos ta Hawan Kibo.

Ba rauni ne da motar ba. A 1968 aka fito da Peugeot 504 a Faransa, kuma ita ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya a 1975, shekarar da aka soma harhaɗa ta a Kakuri, Kaduna. Sai a 2006 aka daina yin ta a Nijeriya. Ke nan ko autarsu ta manyanta, tsatsa kuwa ta daɗe tana aikinta a ɓoye.

Gangar jikin injinta baƙin ƙarfe ne, amma kansa na alminiyam ne. In ruwa ya tafasa ya ƙone, kan sai ya lanƙwashe, gasket ya ƙone, ruwa ya gauraya da baƙin mai ya koma kamar madara. Aikin da tiyo guda zai raba ka da shi sai ya zama na sauke inji.

Abu na farko shi ne ruwan da kansa. Ruwan rijiya da na rafi suna barin ƙasa da gishiri a cikin siraran bututun lagireto har su toshe. A sauke shi a kai wa mai gyara ya buɗe ya wanke, sa'an nan a zuba ruwan sanyaya inji na kanti mai hana tsatsa. A kuma kakkaɓe ƙurar hunturu da 'ya'yan ciyawa da ke like a fuskarsa.

Na biyu, murfi. Mutane kan raina shi, har wani ya toshe bakin da tsumma. Ashe shi ke danne tururi ya hana ruwa saurin tafasa. A bakin teku sai zafi ya kai digiri 100 ruwa ke tafasa, amma a tudun Jos yakan tafasa a wajen 96. Motar da ta yi lafiya a Ikko da lalataccen murfi tana iya yin amai a kan hawa.

Na uku, wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare: cire tamostat, wato ɗan ƙarfen da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama. Cire shi ba ya buɗe lagireton da ya toshe. Abin da yake jawowa shi ne inji ya daɗe da sanyi da asubahin hunturu, ya sha mai, ya ci kansa. In ya lalace a sa sabo.

Mai son ƙarin ƙarfi, musamman mai ɗaukar fasinja da buhunan citta daga Kwoi ko Kachia, yana iya sa a sake wa lagireto ciki mai layi 3 maimakon 2, a ƙara fankar lantarki a gaba domin cunkoson gari. A duba fambel da famfon ruwa, a gyara agogon zafi, domin direba marar agogo makaho ne.

In kuwa allura ta tashi a kan hawa, a gangara gefe, a kashe mota, a jira ta huce. Kada a buɗe murfi da zafi, tururin yana saɓule fatar fuska. Kada kuma a kwara ruwan sanyi a kan inji, zai iya tsagewa.

Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. A riƙe jarkar ruwa, fambel da tiyo na ko-ta-kwana. Allah ya kiyaye hanya, ya sada kowa da iyalinsa lafiya, amin.