Ba Kowace Shawara Ce Ta Jiƙo Ba

'Yar'uwa, a Karaye ko Rogo in idon Baba ya yi ruwan ɗorawa, sai a ce shawara ce, a jiƙa saiwa. To in ga rama, ga ciwon ciki mai sukar baya, ƙila dajin fankiriyas ne, gaɓar nan ta bayan tumbi mai daidaita sukarin jini.

Gashin daji na yau da kullum kan ci mako 5 zuwa 6 ana zarya asibiti. Akwai kuma gashi na saiti: na'ura ta auna ƙarin daidai, ta sakar masa haske mai ƙarfi, zama 5 ko ƙasa. Ki lissafa kuɗin mota kawai! Amma fa sai ciwon bai bazu ba aka fi yin sa, kuma ba kowane asibiti ke da na'urar ba. Asibitin Shika a Zariya dai akwai sashen masu ciwon daji.